Gwaggo Mai Koko da Lambar 'Yan Elementare

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, Gwaggo dai ta riga mu tafiya. Ta rasu wata Laraba da hantsi, bayan ta shanye kununta ta ce a kawar da kwanon don ƙuda na damunta. Na je zaman makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin nata ba. Mutum zai shigo idanu jawur, ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Kafin ya miƙe sai wani ya tuno wata taɓargaza tata, sai ka ji gida ya kaure da dariya. Har liman ya aiko daga waje a ji ko lafiya. Wanda aka aiko ɗin ma ya samu wuri ya zauna.

Wani dattijo, kai fari fat, ya taso tun daga Kaduna. Yana gama gaisuwa ya miƙo mani hannuwansa biyu ya ce, "Duba nan, Hajiya. Sai da na tsaya a tasha aka yanke mani farce kafin in shigo. Wallahi ko tana kwance a ƙasa ina tsoronta." Wata tsohuwa 'yar Sabon Gari, da ɗan gicciye a wuya, ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta ce tun da ta bar aji huɗu ba wanda ya sake tambayar ta ko ta ci abinci da irin wannan faɗa. Wani kuma daga ƙauyukan Maguzawa ya dire buhun gero a zaure ya ce na koko ne, ya juya bai ko sha ruwa ba.

Jikokinmu suna gefe sun yi sororo. Su abin da suka sani kawai, wata tsohuwa ce mai kama kunne tana leƙawa. Ɗaya ta ce, "Kaka, wai me ta yi wa mutanen nan ne?" Wannan tambaya ce ta sa na zauna rubutu, don na ga in mu ma muka bi ta, shi ke nan an manta.

Gwaggo yayar babana ce. Aurenta ya mutu a ƙauye, sai ta dawo wurin Baba a Samaru, lokacin yana kula da shanun huɗa a gonar gwajin Turawa. Wannan kuwa cikin shekarun hamsin ne, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Ba ta da ɗa ko ɗaya a raye. Da aka sa ni elementare, ranar farko ta raka ni da tukunyar koko a ka, ta ce za ta jira a tashi tara in sha. Ta zauna gindin mangwaron da ke bakin makaranta, kusa da guntun ƙarfen jirgin ƙasa da ake bugawa a madadin ƙararrawa. Daga ranar wurin ya zama nata. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, kuma ba wanda ya isa ya ce ta tashi.

Kokon ma fakewa ce. Ainihin sana'arta duba yara. A lokacin, kullum da safe malamai sukan jera mu a duba tsafta, farce da haƙora da kai da bayan kunne, bulala kuma na hannu. To, Gwaggo ta buɗe nata ofishin kafin nasu. Ba ka isa ka wuce mangwaron nan ba sai ta ce, "Zo nan, buɗe in gani." Tana da reza, da toka a gwangwani, da ɗaurin asuwaki, da allura guda da take ƙonawa a garwashi don cire jiga daga yatsun ƙafa. Mai makero a ka ya sha aski, mai gyambo ya sha ruwan zafi da gishiri yana ihu tana ce masa, "Yi da kyau, babanka ma haka ya yi." In ta gama da kai sai tambayar da kowa ya haddace:

"Ka ci?"

"Na ci, Gwaggo."

"Me ka ci?"

"Ɗumame."

"Ƙarya kake, ga bakinka nan fari. Zauna."

Ɗan Musulmi, ɗan Bamaguje, ɗan Bayaraben da ke gyaran keke, duk ludayi ɗaya ne. Akwai ranar da wata yarinya 'yar aji ɗaya ta yi fitsari a zani saboda tsoron malami. Kafin kowa ya ankara Gwaggo ta kifar mata da ragowar ruwan wanke ludayi a jiki, ta hau salati tana cewa, "Kai, tsufa bai yi ba! Dubi yadda na jiƙa 'yar mutane!" Ta kwance mayafinta ta ɗaura mata. Mu da ke kusa mun gani sarai, amma da ta watso mana harara sai kowa ya kama kallon sama.

Hedimastanmu saurayi ne, sabon fitowa daga kwalejin malamai, mai gajeren wando da safa har gwiwa. A gaban yara tana ce masa Malam Babba, in sun keɓe kuwa "ɗan nan" ne. Shi ma Gwaggo yake ce mata, kuma kokonsa na musamman ne, ba gaya, tsami kaɗan. Suna zaman lafiya har ranar da mai lamba ya zo.

Yaran yanzu ba su san agana ba, Allah kada ya sanar da su. Ciwo ne mai fesowa a jiki duka, in bai kashe mutum ba ya bar masa fuska rami-rami, wani ma ya tafi da ido. Maganinsa lamba: a ɗan karce damtse, a ɗiga magani, a bar shi ya bushe. Bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura ya yi ruwa, yaro ya ɗan yi zazzaɓi, sannan ya warke ya bar tabo. In ya kumbura, an ce lamba ta kama, kuma kamawar nan ita ake nema.

Mai lambar wani ɗan Kudu ne daga disfensaren Sabon Gari, ya zo kan keke da akwatinsa a baya. Aka jera mu, aka yi ta koke-koke, aka karce kowa. Yana yi yana cewa, "No rob am o! Kada ka goge!" Wanda aka gama da shi sai ya zagaya bayan aji wai ya sha iska. To, a bayan ajin nan Gwaggo na zaune da ƙwaryar ruwa da lemon tsami cike da faifai, ta yayyanka shi biyu-biyu.

"Zo nan, 'yar nan, kafin dafin ya shiga. Mugun mutum, dubi yadda ya yanke ki!"

Ta matse lemon a wurin, ta dirje da tsumma, ta ɗauraye, ta hura da baki. Zafi kamar an zuba barkono, amma mun yarda da ita fiye da kowa. Makaranta kaf sai da ta bi ta hannunta. Ba ita kaɗai ke da wannan dabara ba, uwaye da yawa haka suke yi a gida, sai dai ba wadda ta taɓa yi wa makaranta guda a zama ɗaya.

Bayan mako mai lamba ya dawo duba aikinsa. Ya kama hannu na farko, sumul. Na biyu, sumul. Ya bi layi har ƙarshe, gumi ya karyo masa. Ya buɗe akwati yana sunsuna kwalba, yana cewa ko rana ce ta kashe masa magani, yanzu me zai gaya wa likita. Ni kuwa uwar iyayi, 'yar aji biyu, sai na ga bawan Allah yana shan wahala a banza. Na ɗaga hannu, da ƙarfina na ce:

"Malam, ai Gwaggo ce ta wanke mana da lemon tsami, shi ya sa ba wanda ya yi ciwo!"

Wallahi yabo nake nema mata. Na ɗauka za a tafa.

Ban taɓa ganin Hedimasta a fusace haka ba. Ya nufi mangwaro safarsa ɗaya ta zame bai ko ja ta ba, mu kuma muna biye.

"Gwaggo, da gaske ne?"

"Da gaske ne mana. Kai ba ka gode ba? Dubi yaranka garau."

"Garau? In agana ta shigo garin nan gobe, yaran nan duk a buɗe suke, kuma ke kika buɗe su!"

"Kai, ɗan nan, ni za ka koya wa rainon yara? Ina yaye yara kana tsumma!"

"To, ki ɗauki tukunyarki. Kada in sake ganin ki a bakin makarantar nan har sai lamba ta kama a hannun kowane yaro. In kuwa ba ta kama ba, kin tafi ke nan."

Ta dube shi, ta dube mu. Ta naɗe gammo, ta ɗora tukunya da sauran koko a ciki, ta wuce ba ta waiwaya ba. Ranar ba wanda ya ci abin tara.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, labari ya bazu a unguwa cewa lamba ta biyu ta fi ta farko dafi, tana shanye hannu. Uwaye suka ce ranar da mai keken nan zai dawo, ba ɗan da zai leƙa makaranta. Kun ga ke nan, ba lamba, ba Gwaggo a gindin mangwaro.

A gida takan dama kokonta da asuba kamar kullum, sai ta tuna, ta rarraba wa maƙwabta. In aka buga ƙarfen tara, daga tsakar gida takan tsaya cik da abin da ke hannunta. Ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Na je wurin Inna, mahaifiyata, tana da tsohon ciki a lokacin, na ce wai me ya sa Gwaggo ta tsani lamba haka. Inna ta jawo ni kusa ta ce, "Gwaggonki ta taɓa haihuwa, mace, ita kaɗai. Tana kamar ke ƙaya ta karce ta a damtse. Wurin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, kwana uku aka kai ta. Tun daga nan ba ta iya ganin kumburi a hannun yaro." Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Da yamma na durƙusa gabanta zan ba da haƙuri, ta ce, "Tashi, bakinki kamar na kakarki. Kin ci?"

Ana cikin haka Inna ta haifi ƙanena. Kwana biyu da haihuwa, gida cike da aikin jego, aka nemi Gwaggo aka rasa. Ashe ta ɗaura ɗamara ta kama hanyar Sabon Gari a ƙasa, ta Hanwa, wai za ta je ta ga mai lamban nan ido da ido. Labarin tafiyar nan ta ba mu shi har mun haddace. Ta ce niyyarta ta wanke shi tas. Da ta same shi a disfensare, yana ganin ta ya dafe kai ya ce, "Mama mai lemo! Ka zo ka kashe ni?" Bai yi gardama da ita ba. Ya ce ta biyo shi, ya kai ta wata rumfa wajen kantin PZ inda matarsa ke sayar da gishiri da ashana. Matar ta ɗago. Fuska duk ramuka, ido ɗaya fari fat. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta ba Gwaggo kujera ta ce, "Mama, mu biyar uwarmu ta haifa. Da aka yi mana lamba ta goge mana saboda tausayi. Da agana ta zo, ni kaɗai na rage, ga kuma yadda na rage."

Gwaggo ta ce ta nemi faɗan da ta ƙunso tun daga Samaru ta rasa inda ta ajiye shi. Ta zauna suka yi kuka tare, suka ci gyaɗa. Da za ta tashi ta ce wa mijin, "Kai, ran Asabar muna da suna. Ka zo da akwatinka."

Ta dawo ta bi gida-gida, duk inda akwai ɗan makaranta, tana gayyatar uwa da 'ya'yanta, tana cewa za a yi wainar da ba a taɓa yi ba a Samaru. Ba ta ce uffan game da lamba ba. Baba ya ji labari ya same ta a madafa.

"Yaya, suna za a yi ko taron makaranta? Rago ɗaya ne fa!"

"Wa ya ce maka nama za su ci? Kai dai kawo itace ma Gwaggonsu ka ja bakinka."

Ran suna aka raɗa wa yaro suna da safe, maza suka watse, mata suka cika gida maƙil, yara kamar an zazzage buhu. Wanzami ya zo. A al'adarmu gwaggo ce ke riƙe jariri a yi masa aski da tsagar gado, don haka ta zauna kan turmi a kife, ta rungume ƙanena. Aka aske shi, aka ja masa tsagarmu a kumatu, ya canyara kuka, mata suka rangaɗa guɗa. Ana cikin guɗar sai ga ƙararrawar keke a ƙofar gida. Mai lamba ya yi sallama ya shigo da akwati. Kowace uwa ta fara laluben hannun ɗanta.

Gwaggo ta miƙa jariri, ta miƙe, ta riƙe ƙugu.

"Ina za ku? Waina ko ba ta nuna ba! Yanzun nan aka tsaga fuskar ɗan kwana bakwai, jini na zuba, kuka yi guɗa. Don me? Don a san gidansu. To, wannan ma wanzami ne, tasa tsagar ko rabin waccan ba ta kai ba, kuma ita ce ke hana agana shiga. Ni na goge ma 'ya'yanku, ni na yi kuskure, na faɗa da bakina. Kai, zo ka fara da ni."

Ta zame mayafi ta miƙa damtse. Matar da ke cire jiga ko gezau, sai ga ta ta runtse ido tana kiran sunayen Allah tun kafin a taɓa ta. Da aka karce ta ta ce, "Wayyo! Af, shi ke nan? Yo ai cizon cinnaka ya fi wannan." Wanzami ya tuntsire da dariya har ya yar da aska. Gwaggo ta jawo ni ta ce, "Mai bakin nan ce ta biyu." Ana gama yi mani ta kama hanci ta sakar mani guɗa irin ta amare. Kai, ranar na ji kaina ya yi girma! Da sauran yara suka ga ana yi wa mutum guɗa shi kaɗai, sai suka fara fizge hannu daga uwayensu suna shiga layi. Kowane yaro da guɗarsa, da wainarsa a hannun dama, hagu kuma a ɗage sama har ya bushe. Gwaggo ta tsare ƙofa da muciya, ta ce duk wadda ta kusanci hannun ɗanta da ruwa, ita da ita ne. 'Yan kaɗan da ba su zo ba, washegari ta raka mai lamba har gidajensu.

Mu mun sha biki, ita kuwa daga nan tata wahalar ta fara. Kwana huɗu, biyar, hannuwa suka soma kumbura, zazzaɓi ya bi gidaje. Abin da ta fi tsoro a duniya ke nan, ga shi a hannun kowane yaro, kuma ita ta jawo. Nata hannun ya yi suntum, jikinta zafi rau, amma gari na wayewa ta fita. Gida-gida take bi, ta taɓa goshi, ta leƙa damtse, ta ce, "Ya ci? Me ya ci?" Wasu uwayen suka tare ta da baƙar magana, wata ta ce mata in wani abu ya sami ɗanta ba za ta yafe ba. Gwaggo, wadda ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta rama da goma ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Kin yi gaskiya." Na ga ta rame cikin mako guda.

Ranar da mai lamba zai dawo duba, ta dama koko, ta ɗauki tukunya, amma ba ta ƙarasa mangwaro ba. Ta sauke a tsallaken hanya, cikin rana, don ba a ce ta dawo ba tukuna. Aka buga ƙarfe, aka jera mu, kowa ya naɗe hannun riga. Mai lamba na gaba, Hedimasta na biye, suna kama hannu ɗaya-ɗaya. Ta kama. Ta kama. Ta kama. Mai lamba har da ɗan tsalle. Ni ina hangen Gwaggo, ta yi ɗage, leɓunanta na motsi, yatsanta na bin layi. Su suna duba hannuwa, ita kawuna take ƙirgawa.

Da aka gama, Hedimasta bai aika kowa ba. Ya ja safarsa, ya tsallaka hanya da kansa, mu duka muka bi shi ba a ce mu bi ba. Ya tsaya gabanta ya cire hula.

"Gwaggo, lamba ta kama. Kowa da kowa."

Kamar ba ta ji shi ba. Idonta na kanmu.

"Duk suna nan?"

"Duk suna nan, Gwaggo."

"Ba wanda aka bari a gida kwance?"

"Ko ɗaya."

Sai ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba mu taɓa ganin kukanta ba sai ranar. Muka yi cirko-cirko, ƙananan suka fara taya ta. Hedimasta ya sunkuya ya cicciɓi tukunyar da zafinta, ya rungume a farar rigarsa, ya tsallaka da ita zuwa inuwa, koko na zuba masa a gwiwa. Gwaggo ta buɗe ido ɗaya ta gan shi, ta ce cikin kuka, "Kai, ɗan nan, a hankali! Na yara ne."

Ya Allah, yadda baiwarka ta tsaya a rana tana ƙirga 'ya'yan mutane, ka ƙirga ta cikin waɗanda ka yi wa rahama. Ka yafe mata, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da 'yarta. Amin.